Farar Safa da Jan Lalle

Hamdiyya, ɗiyar yayar babana, ta dawo Tambuwal daga Masar da akwati uku na abaya da farar safa mai kaiwa har cinya. Ta shaida wa mutanen gida an yi mata aikin jijiya a ƙafa. Kowa ya yi mata sannu. Babu wanda ya ɗaga ido sama da gwiwarta, domin hijabinta har ƙasa yake.

Ni kaɗai ta nuna wa gaskiya, ba don ta yarda da ni ba. Na yi karatun jinya shekara biyar a Indiya, ita kuwa tana neman mai sauya mata bandeji a ɓoye. Ta kulle ɗaki ta buɗe ƙirji. Nono aka ƙara mata.

"Mardiya, in wani ya ji, ke ce."

Na karanta takardar likitan. Safar nan ta matse ƙafa ce, don kada jini ya daskare a jijiya bayan aiki da doguwar tafiya a jirgi. Na ce ta riƙa sa ta yadda aka rubuta, ta riƙa zagaya tsakar gida, kada ta yini a zaune. Na ce gudan jini in ya taso daga ƙafa ya shige huhu, mutum na iya faɗuwa yana tsakiyar magana.

"Ku 'yan Indiya kun cika tsoro," in ji ta.

Kwana tara da aikin aka fara bikin ƙaninta Sirajo a gidansu na Jabo. Aka ɗauko mai lalle daga Sakkwato. Hamdiyya babbar yaya ce, ba za a gan ta da ƙafa fara kamar ta majinyaci ba. Ta tuɓe safar ta cusa a jaka. Aka zana mata baƙi, aka shafa ja, aka ɗaure ƙafafun cikin leda. Tun hantsi take zaune a tabarma har aka kira la'asar, ko ruwa ba ta sha ba don kada fitsari ya tashe ta ya ɓata zane. Lallen ya kama ƙwarai. Wa zai rufe irin wannan da safa? Kwana uku tana nuna shi.

Ni ina wurin aiki. Ranar Alhamis da rana na hau babur zuwa Jabo, ɗaurin aure kuma gobe bayan Juma'a. Na same ta kwance a ɗakin uwarta. Ƙwaurinta na hagu ya kumbura, ya yi zafi, yana sheƙi. Gwaggo Na'iya, wadda ke gasa masu jego a unguwar tun kafin a haife ni, ta ajiye tukunyar ruwan zafi da man kaɗanya, tana naɗe hannun riga.

"Gwaggo, kada ki taɓa ƙafar nan."

"Ke, mi kika nufi? Jini na ya kwanta. Murza shi nikai shi watse."

"In kika murza shi, huhunta zai tafi. Sakkwato za a kai ta yanzu."

Gwaggo ta dubi uwar Hamdiyya, suka yi dariya.

"Ɗiyag ga tun da ta ci barkonon Indiya ba ta ganin kowa da gashi. Likitan Masar ya riga ya gyara ƙafa, ragowar kumburi na. Ke kin fi shi?"

Uwar ta ce, "A bari a ɗaura aure. Jibi Lauwali direba shi kai ta da mota. Wa ka fita da babbar yaya ana gobe biki? Mutane su ce mi?"

Na dubi Hamdiyya. Ta san abin da zan faɗa. Ta girgiza mini kai a hankali, ta miƙa wa Gwaggo ƙafar da kanta. Mace mai shekara talatin da huɗu, mai shago biyu, ta zaɓi a murza ta ta mutu da mutuncinta. Gwaggo ta tsoma tsumma a ruwan zafi ta matse.

Na ce, "Babu likitan da ya taɓa ƙafarta. Ku duba, ina ɗinki? Nono aka ƙara mata. Safar da ta cire don lalle, ita ke hana abin nan da kuke gani."

Mata shida ne a ɗakin. Duk suka kalli wuri ɗaya. Wata ta ja salati. Wata ta fita da sauri, na san ba alwala ta tafi ba.

"Allah ya isa, Mardiya," in ji Hamdiyya.

"Amin. Tashi."

Gwaggo ta saki tsumman cikin tukunya. Abin da ba ta san kansa ba, ba ta taɓawa, wannan kam na yaba mata. Uwar ta fita da kanta ta kira Lauwali, ba ta sake zancen jibi ba. Ina ganin a lokacin ta fi son ɗiyar ta bar gidan kafin dangin amarya su iso daga Sanyinna.

Muka ɗauko ta a hankali muka kwantar a bayan mota. Muka kai ta asibiti a Sakkwato. Aka yi hoton ƙafar, aka ga gudan jinin a bayan gwiwa, bai riga ya motsa ba. Aka fara mata allurar tsinka jini. Likitan ya tambayi wa ya hana a yi tausa. Hamdiyya ta juya fuska bango.

An ɗaura auren Sirajo ba ta nan. An ce mini a wurin walima ba a yi zancen amarya sosai ba.

Kwana shida aka sallame ta, da kwalin ƙwayoyi na wata uku. Tana nan da ranta, tana tafiya da ƙafafunta biyu. Ta koma Kebbe wurin ƙanwar uwarta har zance ya lafa. Ta goge lambata, ta kuma aiko a gaya mini ko gawarta kada in zo.

Na ce wa ɗan aiken gawar dai ba wannan shekarar ba.