Motar Baffa Daifallah

Abu Nawwaf yana goge madubin motar da gefen rawaninsa lokacin da maza suka fara fitowa daga zauren dangi, kowa hannunsa na ƙanshin naman rago. Da gangan ya ajiye ta a bakin ƙofa, inda ba mai wucewa sai ya kauce mata. Shekara ashirin da shida rana tana gasa shi a Kuwait saboda wannan baƙar motar Jamus. Matarsa Ummu Nawwaf ta ce kuɗinta ya isa a ɗora bene a kan gidansu, shi kuwa ya ce bai taɓa ganin bene ya je ɗaurin aure ba.

Mijhim, ɗan wani baffansa, mai bakin tsiya, ya ƙirga ƙafafunta da yatsa.

"Huɗu ne, Abu Nawwaf. Tawa akwalar ma huɗu ne. Ina sauran kuɗin suka shiga?"

Abu Nawwaf ya rantse cewa ko kofin gahawa aka ɗora mata daga garinsu Madaba har birnin Amman, ɗigo ba zai zuba ba. Aka yi masa dariya, ba wanda ya yarda.

Ana haka Baffa Daifallah, ƙanin mahaifinsa kuma babban dangi, ya iso yana dogara sanda. Ya zagaya motar, ya danna kujerar gaba da tafin hannu, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ce bai taɓa ganin irinta ba.

Ko jaririn Madaba ya san abin da ke biyo baya. Babba ya yaba abinka, ka ce nasa ne, shi kuma ya ce abin ya fi kyau a hannun mai shi, a rabu kowa da mutuncinsa. Amma Abu Nawwaf, da yake idanu na kansa, sai ya ƙara gishiri. Ya zaro mukulli ya miƙa da hannu biyu.

"Taka ce, Baffa. Wallahi taka ce."

Tsohon ya karɓa, ya jefa a aljihu, ya ce Allah ya yi albarka.

Abu Nawwaf ya bi mukullin da ido, amma murmushi bai bar fuskarsa ba. Mijhim ya matso ya raɗa masa cewa akwai wuri a bayan akwalarsa, kusa da buhun sha'ir. Labari ya riga shi isa wajen mata. Ummu Nawwaf ta leƙo ta ce ya je ya lallaba tsohon, ai kowa ya san maganar baki ce. Ya ƙi. Rantsuwar da maza arba'in suka ji, ba shi zai lashe ta ba, ko da ƙafa zai koma gida.

Ya juya zai tafi ke nan, Baffa ya kira shi.

"Kai ɗana, ni ban iya tuƙi ba. Motata na son direba. Gobe ƙarfe bakwai, ina da wankin ƙoda a Amman."

A nan Abu Nawwaf ya ji cewa sau uku a mako tsohon ke hawa bas zuwa asibiti, ya dawo bayansa kamar an daka shi a turmi. Wata biyu da dawowarsa daga Kuwait, ya nuna wa kowa motar, bai tambayi lafiyar kowa ba. Kunya ta rufe shi.

Washegari ya karɓi aron mukullin, ya buɗe wa Baffa ƙofa. Tsohon ya fara ba shi umarni, kada ya yi gudu, kada ya kunna rediyo a motar mutane. Ba su bar Madaba sosai ba maganar ta yanke. Abu Nawwaf ya waiga, ya ga kan tsohon ya kwanta, baki a buɗe, sandar tsakanin gwiwoyinsa. Suka bi ta kan ramukan da ke gefen gada, bai ko motsa ba. Abu Nawwaf ya so a ce Mijhim na nan ya gani da idonsa.

A ƙofar asibiti mai gadi ya sunkuyo, ya ƙare wa motar kallo, ya tambayi ko ta wane babban mutum ce.

Abu Nawwaf ya gyara rawaninsa, ya ɗora yatsa a leɓe.

"Ta Baffana ce. Yi a hankali, barci yake."