Ranar Suna a Balsall Heath

Rahmatu 'yar Funtuwa ce, gwamnati ta turo ta jami'ar Salford a Ingila karatun digiri na uku a kan tsabtace ruwan sha. Mace ce mai fara'a. In ta shiga lab kowa sai ya san ta iso. Amma tun daga wata Laraba a ƙarshen bazara ta zama wata daban.

Ran nan tana cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, za ta koma flat ɗinta a unguwar Old Trafford, wani mutum ya zo ya tsaya a kanta. Ya fara da zagin addininta, ya koma kan launin fatarta, sannan ya fizgi hijabinta har ta kusa faɗuwa. Taragon cike yake da jama'a, amma kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Shirun nan ya fi zagin ci mata rai.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma zuwa uni da ƙafa, ko da ana ruwa. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina shiga. In namiji ya ɗaga murya a bayanta sai gabanta ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe. Ta ƙara nafila, ta ƙara karatun Alƙur'ani, da abin ya ƙi tafiya kuma sai ta fara zargin imaninta.

Ana haka aka gayyace ta suna a Birmingham, gidan Anti Zainabu, ƙawar mahaifiyarta da ta daɗe a unguwar Balsall Heath tana aikin jinya. Suna kicin su biyu suna suyar masa, baƙi na ta hira a falo, sai murfin tukunya ya suɓuce ya faɗi. Rahmatu ta saki ludayi, ta jingina da bango, numfashinta na sarƙewa.

Anti Zainabu ta kashe wuta, ta tura ƙofa, ta zaunar da ita. Sai da numfashin ya daidaita sannan ta yi magana.

"Tun da kika shigo nake kallonki. Wa ya taɓa ki?"

Rahmatu ta buɗe baki za ta ce babu, sai kuka ya riga ta. Ta kwashe labarin duka ta faɗa.

"Anti, ina jin raunin imani ne. Wasu sun ga abin da ya fi wannan, kuma ga su lafiya lau."

"Wa ya ce miki lafiya lau suke? Ni da kike gani, shekarata ta farko a ward wani majinyaci ya ce baƙar mace ba za ta taɓa shi ba. Na daɗe in zan fita shift sai na yi amai." Ta goge hannu da zani. "Da hannunki ne ya karye, za ki ce imani ne ya yi ƙasa? Ki ci gaba da addu'arki, 'yata, amma ranar Litinin ki kira GP, likitanki na unguwa."

Ta kira. Bayan an ɗan sha jira, aka haɗa ta da wata mai ba da shawara kan damuwa, Bethany, wadda iyayenta 'yan Jamaika ne. Rahmatu ta shiga da shirin dogon bayani, amma matar ba ta tambaye ta ko ta tabbata wariyar launin fata ce ba. Ta dai saurara, sannan ta koya mata yadda za ta riƙe numfashinta in fargabar ta taso.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Wani makon ta hau tram har gida, wani makon ta sauka tun a tasha ta gaba. Amma barci ya dawo, aikin lab ya ci gaba, har ta fara tsokanar abokan aiki kamar da.

Sai da sanyi ya shiga sosai ta iya kiran mahaifiyarta ta gaya mata.

"Ashe duk wannan ke kaɗai kika ɗauka," in ji tsohuwar. "To, ita wannan mata da ke sauraronki, tana cin yaji? Ɗan maƙwabcinmu zai taho wajenku wata mai zuwa, in ba shi kilishi ya kai mata."

Rahmatu ta yi dariya, ta ce za ta tambaye ta ranar Alhamis in sun haɗu.