Sharaɗi na Bakwai

Hajiya Safiyyatu ba ta iya karanta takardun banki ba, amma sharaɗi na bakwai kam ta haddace shi tsaf.

Shekara huɗu ke nan ƙaninta Zakiru ya tashi faɗaɗa kamfanin dabinon da Babansu ya bari. Ya fitar da sukuk, takardun zuba kuɗi waɗanda mai su zai iya mayar da su hannun jari in ya ga dama. Ita ta kwashe su da rabonta na gado, bisa sharaɗi ɗaya da ta tsaya kai da fata sai da lauya ya rubuta shi na bakwai a takardar: muddin sukuk na hannunta, ba mai sayar da gonarsu ta garin Badar. Baba ne ya dasa dabinon nan da hannunsa.

Sai kasuwa ta juya. Bankuna suka tsuke hannu, dabino ya yi kwantai. Zakirun da sai Idi ke kawo shi gidanta a unguwar Sih ya fara sintiri, yau da tuffa, gobe da turare. Oho, zumunci ya motsa!

"Yaya, takarda me za ta ƙara miki? Ki mayar da ita hannun jari, khalas, shi ke nan, ki zama mai kamfani. Ni da ke a kan abin Baba."

Daɗi ya kama ta. Ta sa hannu.

Da lokacin ɗibar dabino ya yi, 'yarta Sundus ta tuƙa ta zuwa Badar. Suka tarar da sabon kwaɗo a ƙofar gona. Ashafa, tsohon da ke kula da gonar, na zaune a waje da ƙullin kayansa.

"Hajiya, ashe ba a gaya miki ba? Sati uku ke nan da sayarwa."

Nan take ta kira Zakiru.

"Zakiru, sharaɗi na bakwai fa?"

"Yaya, wannan na mai sukuk ne. Ke yanzu ai mai hannun jari ce."

"Ranar da ka kawo mini turaren nan, ka riga ka samu mai saye?"

Ya ce, "Kasuwa ce, Yaya."

Kasuwa! Kasuwa ce ta zauna a kan tabarmarta ta sha shayinta? Wallahi da gobara ce ta cinye gonar, da ta yi innalillahi ta haƙura. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ranar sa hannun: har bakin ƙofa ta rako shi, ta dafa kansa, ta sa masa albarka.