Kadidiya Za Ta Gabon

A shekarar da sama ta yi wa Adar rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Kadidiya ta sayar da akuyarta ta ƙarshe a garinsu Bambeye, ta ce za ta Gabon.

Mijinta Illa yana can. Ya tafi cin rani kamar yadda mazan Adar suka saba, sai dai shi bai tsaya Abijan inda 'yan garinsu suke ba, ya hau jirgin ruwa a Kutunu ya haye. Da farko ana jin labarinsa a bakin masu dawowa, har turmin atamfa ya taɓa aiko mata. Daga baya shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, babu wanda ya ce ya gan shi, babu wanda ya ce ya ga kabarinsa. Kadidiya ta zauna a gidan wansa Alƙasum, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, tana daka tana ɗebo ruwa, ana auna mata tuwo kamar baƙuwa.

Alƙasum ba mugu ba ne, amma kunya ta fi yunwa damunsa. A garinsu maza ke tafiya, mata su jira, ko da jiran zai kai su furfura. In aka ji matar ƙanensa ta kama hanyar teku ita kaɗai, za a ce gidansa ya kasa riƙe ta. Ya yi faɗa, ya turo tsofaffi, duk ta saurara da kai sunkuye, in sun gama ta ce, "Na jiya. Za ni."

Da ya ga haka sai ya sake dabara. Ya ce su je birnin Tawa ta ji daga bakin wanda ya san ruwa. Ashe ya riga ya aika wa mutumin, wani tsoho Baba Ciɗo, cewa ya tsorata ta yadda ko rijiya ba za ta ƙara leƙawa ba.

Tawa a wannan shekara ta cika har bayan gari. Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare sun kafa 'yan rumfunan tabarma, sojoji suna raba jar dawa da gwangwani, mutane a jere cikin rana. Kadidiya ta wuce su da ƙullin kayanta a ka. Ta san in ta koma gida, nan ne ƙarshenta ita ma.

Baba Ciɗo yana sayar da igiya da tsofaffin buhuna a bakin tasha. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Kutunu yana saurayi, ya haye Gabon ya dawo har ya daina ƙirga, kuma ba abin da yake so kamar a tambaye shi. Ya dubi Kadidiya sama da ƙasa, ya tofar da goro.

"Ke ta mai son shan ruwan gishiri? Zamna, ɗiyata. Kin taɓa ganin ruwan da ya hi tabkin Tabalak?"

"Ban ga ko Tabalak ɗin ba, Baba."

"Madalla! Kin ji, Alƙasum? Ko Tabalak!" Ya gyara zama. "To bari in hwara da tudu, tun ba mu kai ruwa ba. Nijeriya ta ruhe iyaka, sai ki bi Doso, ki bi Gaya, ki haye gada, ki biɗi jirgin ƙasa a Faraku. Ranar da kinka sauka Kutunu, tun ƙahwarki ba ta taɓa ƙasa ba, wani za shi taho da hula irin tamu shi ce miki, sannu 'yar gida, daga Bambeye ko Affala? Za shi san sunan maigarinku. Shi ce kawo kayanki in kai ki masauki. Kina miƙa mai, shi ke nan, ke da kayan sai lahira. Mutanenmu ba su iya ƙin mai gaisuwa da harshen gida ba, ɓarayin can sun san haka, har koyon Adaranci sukai."

Alƙasum ya girgiza kai da ƙarfi don ta gani. Kadidiya ta ce, "To mi aka yi in ya taho?"

"Mi aka yi? Ki amsa gaisuwa, ki riƙe kayanki! Ki tambayi mai ɗinki ko mai tebur, wanda ba shi iya gudu shi bar shagonai, shi nuna miki gidan sarkin zango. Kuma kak ki shiga motar da ba ta da lamba ga ƙohwa. Ki yi ciniki kina tsaye a waje, in kin shiga ki zamna inda wata mace ta zamna."

Leɓunanta suna motsi a hankali. Ciɗo bai lura ba, labari ya riga ya ɗauke shi.

"Sai cikin tashar jirgin ruwa. Can ba ɓarawo ka kashe ɗan Adar ba, inuwa ta. Mu da munka saba, ko'ina munka ga inuwa sai mu shimhiɗa buhu. Na ga wani yaro ɗan Keita ya kwanta ƙarƙashin tirela, yadda akai a hanyar Ƙonni. Direban can ba shi leƙa ƙasa, ba shi da aparanti, yaron motar da za shi ce a tashi. Na ga wani ya tsaya inuwar kayan da ƙugiya ta ɗaga sama, yana jin daɗi. Igiya ta katse. Da tsintsiya anka tara shi."

"Innalillahi," in ji Alƙasum. "Kin dai ji."

"To ina aka tsayawa, Baba?"

"Cikin rana! Rana ba ta hwaɗo ma kowa bisa kai. Ki tsaya inda 'yan dako ba su wucewa, ki diba sama kahin ki diba gaba."

Ya ba ta labarin katakon da ake hawa jirgi, mai rawa, ga ramin ruwa baƙi tsakanin jirgi da gaɓa. Ta tambaya, ya ce ta ɗage zane ta ɗaure da igiya a ƙugu, ta goya kayanta a baya kamar ɗa, hannuwa biyu su zama na riƙo. Ya ba ta labarin wani malami da ya sunkuya da buta zai ɗebi teku don alwala, jirgi ya yi gefe, ba a ƙara ganin ko rawaninsa ba. Ta tambaya, ya ce ta cika jarka tun a gari, ta tafi da ƙanzo da lemun tsami don amai, ta nemi wuri a tsakiyar jirgi kusa da matan Yarabawa 'yan kasuwa, don su ko matuƙi yana shakkarsu.

A nan ne Alƙasum ya fara jin wani abu ba daidai ba. Ya yi gyaran murya. "Baba, ba wannan munka yi da kai ba."

Ciɗo ya dubi Kadidiya, ya ga tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya tana maimaitawa. Sai ya kwashe da dariya har tari ya kama shi.

"Kai, Alƙasum! Ka kawo min ita in ba ta tsoro, ta maishe ni malamin lakwal mai ba da karatu! Ɗiyata, ba ki ji tsoro ba ko kaɗan?"

"Na ji, Baba. Amma tsoron da ni kwana da shi a Bambeye ba shi da magani. Naka kowane da maganinai."

Tsohon ya zaro igiya sabuwa daga cikin hajarsa ya jefa mata a cinya.

"To ga na ƙarshe, shi na babba. Jirgi za shi tsaya wata tasha a hanya, a buɗe ƙohwa, masu abinci su yi ta kira. Mutanenmu sai su sauka biɗar masallaci ko tuwo mai zahi, don sun saba da motar Tawa, wadda in mutum ya tahi salla sai an jira shi, ko an yi ta zagi. Jirgi ba shi ƙirga kai. Shi busa, shi ja. Na bar mutum a gaɓa yana ɗaga buta yana kuwwa, a ƙasar da bai san ko sunanta ba. Kak ki sauka sai kin ji an ce Libarbil, can ne Gabon. Ki yi sallarki zamne."

Alƙasum ya miƙe, fuskarsa a murtuke. "Ba ki barin garin ga. Ni na hwaɗa." Ya juya ya fita daga tashar.

Da rana ta karkata, Kadidiya ta hau wata babbar mota mai zuwa Doso, cike da fatun dabbobin da fari ya kashe, fasinjoji a kansu suna toshe hanci. Motar ta bi gudro, hanyar kwalta, har bakin gari, inda aka gitta gora a kan ganguna biyu. A lokacin sojoji ba sa son ganin mutanen ƙauye suna kwarara kudu, wanda ba shi da dalili mai ƙarfi sai a sauke shi a mayar da shi layin jar dawa. Kadidiya ta hango Alƙasum tsaye kusa da jandarma, yana jingine da keken aro, yana nuna ta da haɓa.

"Ke mai baƙin kallabi, sauko," in ji jandarman.

Ta sauko da ƙullinta. Jandarman dogo ne, idanunsa ja saboda rana, ya karɓi katinta na shaida ya juya gaba da baya.

"Wannan mutum ya ce kin gudo daga gidan aure. Ina iznin mijinki?"

"Wurinai za ni in amso, ranka shi daɗe."

Wani daga saman mota ya ƙyalƙyale da dariya, aka zungure shi.

"Mi sunan mijin?"

Kadidiya ta sunkuyar da kai. Tun da aka ɗaura mata aure sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba za ta fara a gaban maza a kan gudro ba. "Ga wanai nan. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi hwaɗa."

"Illa," in ji Alƙasum. "Ya tahi Gabon, ya bar ta hannuna. Ni ad da iko da ita."

Nan Kadidiya ta ɗaga kai. Tun da ta shiga gidansu ba ta taɓa duban Alƙasum ido cikin ido ba sai yau.

"Yaya, ga hukuma, ga jama'a. Ka hwaɗa min abu ɗaya in koma da kai yanzu. Ƙanenka na da rai, ko ya mutu? In yana da rai, to ɗakin mijina za ni, ban san wanda ka hana mace ɗakin mijinta ba. In ya mutu, ka hwaɗa da bakinka, mu koma a yi sadaka, in yi takaba, in san ni wace ta. Amma zaman da ni yi, ana auna min tuwo ana kirana amana, na gama shi."

Jandarman ya juya ga Alƙasum.

"To, malam? Tambaya ta yi. Yana da rai?"

Alƙasum ya dubi kan keken, ya dubi gorar da aka gitta. Shi ya goya Illa yana yaro, shi ya raka shi tashar Tawa ranar da zai tafi. Ba zai iya cewa ya mutu ba.

"Yana da rai," ya ce da ƙyar. "In sha Allahu yana da rai."

Jandarman ya miƙa wa Kadidiya katinta. "Hau. Kin tsaida min mota."

Hannuwa suka miƙo daga sama aka ja ta. Aka ɗage gora, motar ta yi tari ta fara mirginawa. Kadidiya ta zauna a kan fatu, ta juya fuskarta kudu, ta ƙudura ba za ta waiwaya ba.

"Kadidiya!"

Ta waiwaya. Alƙasum ya yar da keken a tsakiyar hanya, yana bin motar da gudu, rigarsa tana kama iska, dattijo guda kamar yaro.

"In kin ishe shi, ki ce mai Inna ta rasu bara! Ki ce har ta cika tana tambaya tai! Ki ce mai shi taho gida, ko ba shi da komi!"

"Na jiya, Yaya!" ta ɗaga murya don ta fi ƙarar injin. "Ni hwaɗa mai!"

Ya tsaya yana haki, hannuwa a gwiwa, motar ta ƙara wuta ta sha kwana.