Fayil ɗin Auta

"Sake faɗa min sunan," in ji yarinyar da ke bayan gilashi a ofishin rajistar kotu, idonta na kan kwamfuta.

Matar ta sake faɗa, a hankali wannan karon, sunan yanka da na uba. A gida ba mai kiran ƙaninta da shi, Auta kowa ke cewa, shi ya sa sunan ya yi mata nauyi a baki kamar na baƙo. Yarinyar ta buga, ta jira, ta girgiza kai.

"Babu. Yaushe aka kama shi?"

"Shekara huɗu ke nan da wata biyar."

"Ai shi ya sa. Mu bara waccan muka fara sakawa a na'ura. Na baya duk suna sito. Ki zagaya bayan ginin, ki nemi Baba mai makulli."

Ita matar, shara take yi a asibiti, ɓangaren masu haihuwa, kuma da ƙyar ta samu abokiyar aikinta ta riƙe mata yau. Tun da safe ta fara da ofishin 'yan sanda, inda wani sajan ya yi ta lasar yatsa yana buɗa wani ƙaton littafi har ya gano ranar da aka kawo Auta. An sace injin wuta a kusa da garejin da yake gyaran mota, aka kwashe mutum biyar. Huɗu sun samu masu tsaya musu. Shi aka kai shi kotu sau uku, daga nan aka daina fito da shi, duk wanda ta tambaya sai ya ce ba a ga fayil ba. Makon jiya wata lauyar agaji ta ce mata, "Kawo min lambar shari'a da kwafin zaman ƙarshe. In babu su, hannuna a ɗaure yake." Lambar ce sajan ya rubuta mata a guntun takarda, ta riƙe ta har ta jiƙe da gumi.

Ta samu Baba mai makulli zaune a kan benci yana gyara tabaransa da zare. Tsoho ne siriri, mai tari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa takardar.

"'Yata, kin karya kuwa?" ya tambaya. "Don wannan aikin ba na mai yunwa ba ne."

Da ya buɗe ƙofar ƙarfen, wari ya buge ta, na jiƙaƙƙiyar takarda da fitsarin ɓera. Fayiloli ne ɗaure-ɗaure da igiya, an jibge su har kusa da rufi. An rubuta shekaru da alli a bango, amma ɗigar ruwa ta wanke rabinsu. Ƙwan lantarki ɗaya ne, shi ma yana ƙyaftawa.

"Lokacin da aka taso daga tsohon gini, a motar yashi aka kwaso su," in ji tsohon. "Aka juye min a nan aka ce in jera. Ni kaɗai. Ɓerayen ɗakin nan sun fi alƙalai sanin abin da ke ciki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta rufe hanci da gefensa. Ita ke sauko da ɗauri, shi yana duba lambobi. Wasu fayilolin sun manne da juna sun zama kamar katako, wasu gara ta cinye tsakiyarsu ta bar bango. Kowane ɗaya da sunan mutum a kai. Tun tana karantawa har ta daina, don ta fara tambayar kanta ko su waye ke jiran waɗannan.

Rana ta wuce tsaka sosai lokacin da tsohon ya ce, "Tsaya. Dawo da wancan."

Fayil ɗin siriri ne, bai kai shafi ashirin ba. Ruwa ya taɓa kusurwarsa kawai. Ya fito da shi bakin ƙofa wurin haske, ya kafa tabarau, ya fara bi da yatsa. Ita rubutun kotu ba ta iya karanta shi ba, sai ta zuba wa fuskarsa ido. Ya buɗa shafin ƙarshe. Ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa. Sannan ya cire tabaran ya riƙe a hannu.

"Baba, mene ne? Sun yanke masa hukunci ba mu sani ba?"

"Zauna tukuna."

"A tsaye zan ji."

Ya yi tari mai tsawo. "Ranar zama na huɗu motar gidan yari ba ta kawo su ba. Amma an zauna. Mai injin ya aiko cewa ya janye ƙara, an ga kayansa wurin wani. Alƙali ya kori shari'ar, ya ce a sallami yaronku." Ya ɗaga wata farar takarda da aka maƙale da allura mai tsatsa. "Ga takardar sallamar nan. Ga sa hannu, ga hatimi. Ita ya kamata a kai gidan yari a ranar. Ba ta fita ba."

"Yaushe?"

Ya faɗi kwanan watan. Shekara uku da wata bakwai.

Sai ta zauna a ƙasa, a bakin ƙofar. Ba kuka ya zo mata ba, tunani ne ya yi ta jero kansa. Bayan wannan ranar ne matar Auta ta gaji ta koma gidansu da goyonta. Bayan wannan ranar ne mahaifinsu ya kwanta ciwo, yana ta tambayar ko an sa ranar shari'a, har aka binne shi babu Auta a cikin masu ɗaukar makara. Duk wannan lokacin takardar tana nan a ƙarƙashin ɗauri, ita kuma tana wuce ginin a bas kullum in za ta aiki.

"Ba ni ita, Baba. Yanzu zan kai ta gidan yarin da ƙafata."

"Da ana yi da na ba ki, wallahi. Ba za su karɓa daga hannunki ba, ni kuma in ta fita daga fayil, ni za a rufe. Tashi mu hau sama."

Babban magatakarda yana hawa na biyu, ofis mai sanyi da labule. Ya duba shafin, ya dubi tufafinta da suka yi baƙi da ƙura, ya ture fayil ɗin kaɗan daga gabansa.

"Abin takaici ne, gaskiya. Amma ba a zamanina aka yi ba. Alƙalin nan ya yi ritaya, takardarsa ba ta aiki yanzu. Sai dai lauyarku ta rubuto, a kai gaban sabon alƙali ya sake ba da umarni."

"Ranka ya daɗe, ai an riga an sallame shi."

"A takarda, e. Kotu na tafiya hutu jibi. In an dawo, a sa muku rana. Ki ƙaddara wata biyu."

Ya sa aka yi mata kwafi, ya buga hatimi, ya kira na gaba.

Bas biyu ta hau kafin gidan yari. Saura minti ashirin a rufe ziyara. Aka laluba ta, aka bar ta ta shiga dogon ɗakin da ragar ƙarfe ta raba biyu, kowa na ɗaga murya don nasa ya ji shi. Da aka fito da Auta sai da ta nemi fuskarsa a cikin sauran. Ya ƙara ramewa, furfura ta fito masa a gefen kai, shi da bai kai talatin ba.

"Yaya! Kin yi birgima a ƙasa ne?" Ya yi murmushi ya saƙala yatsu a raga. "Ya Inna? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi. Tana gaishe ka."

"Kin je kotun?"

"Na je."

"An ce ba a gani ba, ko?"

"An gani."

Bakinsa ya buɗe. "An ga fayil ɗina? Da idonki kika gani? Me ke ciki?"

Kwafin na cikin jakarta, a ninke huɗu. Ta dubi yatsunsa a jikin ragar, ta dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

"Babu wani abu mai nauyi," ta ce. "Sun ce nan da wata biyu za ka fito."

"Wata biyu? Wata biyu kacal?" Ya juya ga wanda ke tsaye kusa da shi ya dafa kafaɗarsa. "Ka ji? An ga nawa!" Ya juyo yana dariya, hawaye na zubo masa. "Alhamdu lillahi. Yaya, wa ya nemo shi? Ki koma ki yi musu godiya don Allah. Ashe har yanzu da mutanen kirki a kotun nan."

"Zan koma," in ji ta.

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa. Auta ya bi layi yana waiwaye, yana ɗaga mata yatsu biyu, har aka rufe.