Kwanon Dora

Tun da Safiatu ta karɓi aikin jinyar Mama Gitel a wani tsohon bene a titin Grand Concourse, ɗiyar tsohuwar ta kafa mata doka guda, kafin ta koma garin da take aure: kada ta kuskura ta ce Dora ta mutu. Dora aminiyar Mama ce, a hawa na huɗu take da zama, ta rasu da daɗewa. Amma kan Mama ya zama rariya. Duk ranar da aka gaya mata, sai ta yi kukan sabuwar mutuwa, ta ƙi cin abinci har sai an kai ta asibiti. In ta dawo ta manta, ta sake tambaya.

Ran nan, a ƙarshen hunturun 2014, Mama ta tashi da wayonta sarai. Ta ce yau Purim, idinsu na Yahudawa, a fito da fulawa.

Safiatu 'yar zangon Kumasi ce, ta yi tallar waina tun ba ta kai tsawon tanda ba, saboda haka kwaɓi bai ba ta tsoro. Ta murza man shanu da sukari da ƙwai, ta sa a firij ya yi sanyi. Ta dafa wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai riɗi girma ba, da madara da zuma. Mama tana kan keken guragu tana ba da umarni da Turanci, kamar mai gidan burodi.

"Da bakin kofi za ki yanka, zagaye. Cokali ɗaya a tsakiya. Ƙarami! Ke, rowa ake yi a nan."

"Mama, wannan ai ko ɓera ba zai ƙoshi ba."

"Cika masa ciki ki gani. Da ya ji wuta zai buɗe baki, ya amayar da komai."

Ta nuna mata yadda ake naɗo gefe uku a matse, ya zama kusurwa uku, baƙin cikin yana ɗan leƙowa. Hamantash sunansa. Ta ce Haman wazirin wani sarkin Farisa ne, ya shirya ƙarar da Yahudawa kaf, bai san matar sarkin, Esta, jininsu ce ba. Ta ɓoye asalinta sai ranar da faɗin zai yi amfani. Wasu sun ce hular Haman ake ci, wasu sun ce kunnensa, wasu aljihunsa.

"Uwata kuwa ta ce duk surutu ne. Abin da aka ɓoye a ciki, shi ne zancen."

Tire na farko rabi suka wage baki. Na biyu ya fito daidai. Mama ta ci guda, har da lumshe ido, Safiatu ta ji daɗi a ranta, don rabon tsohuwar da cin wani abu da marmari an kwana biyu.

Sai Mama ta ce a ɗauko kwanon nan mai shuɗin baki. Ta jera masu kyaun a ciki, ta ɗora lemo guda.

"Kai wa Dora. Yau kowa yana aika wa maƙwabci. Kada ki dawo min da shi haka, ita ma za ta sa nata."

Safiatu ta tsaya da kwano a hannu. Ta ce ƙila Dora ta fita. Mama ta ce Dora ba ta fita ranar Purim. Ta ce lifta ta lalace. Mama ta ce ƙafa fa?

Safiatu ta fita. A kan matakala ta kira ɗiyar, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta hau har hawa na huɗu don ba ta san inda za ta nufa ba, ta ƙwanƙwasa ƙofar da a da ta Dora ce. Aishatu ta buɗe, 'yar Maraɗi mai kitso a unguwar Tremont.

"Ah, 'yar Gana! Mi ya kawo ki da rana tsaka? Bikin wa aka yi ba a gayyace mu ba?"

Safiatu ta kwashe labari ta gaya mata. Aishatu ta gutsiri guda, ta leƙa cikinsa.

"Wannan baƙin fa? Kamar tururuwa ta shiga sukari. Babu alade dai ko?"

"Yaya, waɗannan sun fi ni da ke gudun alade. Da hannuna na yi. Ki taimake ni da wani abu in sa a kwanon."

"Wallahi sai cincin, jiya na soya. Ai ba a mai da kwano wayam, ko a garinmu."

Da Safiatu ta dawo da kwanon, Mama tana nan inda aka bar ta, ta fuskanci ƙofa. Ta ɗauki cincin ɗaya, ta juya shi, ta shinshina. Safiatu ta kama goge teburin da ta riga ta goge.

"Dora ba ta taɓa soya abu a mai ba," in ji Mama. "Kek ɗin zuma take aikowa."

Safiatu ta ci gaba da goge teburin.

"Hannunta ya mutu ke nan, irin nawa. Sun kawo mata mai jinya. Ko ba haka ba?"

"Akwai wata a ɗakin, Mama."

"Baƙa, irinki?"

"Irina."

"Tana kula da ita kuwa?"

"Tana da kirki."

Mama ta gyaɗa kai, ta tauna cincin da sauran haƙoranta, ta ƙara wani. Safiatu ta fara sakin numfashi. Sai tsohuwar ta ture kwanon gefe, ta share yatsunta a riga.

"Bai kamata a bar ta da baƙuwa ranar idi ba. Ɗauko min rigar sanyina. Mu hau."

"Lifta, Mama."

"To gobe. Da safe. Ki tuna min."

Safiatu ta ce to. Ta kwashe tire ta kai wurin wanki, ta kunna famfo ta bar shi yana zuba. Ita da kullum in ta idar da salla take roƙa wa tsohuwar nan hankalinta ya dawo, yau ta ɗaga hannu ta rasa abin da za ta roƙa. Daga falo Mama tana ta maimaitawa a hankali, kamar mai hadda, don kada ya kufce mata: gobe, Dora, da safe.