Awon da Gumsu Ta Roƙa

Rakiya ɗaya Gumsu take bin Uwa, kuma rakiya bashi ce ko ba shaida. Shekarar da aka sauke tutar Turawa, kogin Haɗeja ya cika ya shafe fadama, naƙuda ta gardama wa Uwa a ƙauyensu na hayin ruwa. Maza duk sun tafi kamun kifi. Gumsu ce ta kwantar da ita cikin kwale-kwale, ta tuƙa da hannunta har gari. Can aka haifi Shu'ibu.

To, duniya rawar 'yan mata. Umara mijin Uwa ya samu buɗi a fataucin busasshen kifi, ya yi mota, ya dawo da iyalinsa cikin gari, ya kai Uwa Makka. Gumsu kuwa miji ya rasu, tana nan hayi tana bandar kifi, ita ke kawo musu kifi a kwando. Da "ƙawata" take ce wa Uwa. Yanzu sai "Hajiya", har da ɗan rusunawa.

Shekarar Udoji, da aka ƙara wa ma'aikata albashi, maƙwabciyar Uwa, wata nas 'yar Jos mai suna Dibora, ta kawo labarin wata likita a Kano da ke duba bakin mahaifa. Za ta ɗan shafo abu ta sa a gilashi, in ciwon daji na shirin kamawa a gan shi tun bai yi saiwa ba. Matan ma'aikata da na 'yan kasuwa suka ɗauka, suna ce masa awo, kamar awon ciki. Uwa ta je, aka ce lafiya lau, amma aka ce ta koma a sake dubawa. Ta dawo tana ba da labari a tsakar gida, mata na rufe baki da mayafi suna dariya. Gumsu na gefe tana jera kifi, tana ji.

Da mata suka watse, Gumsu ta matso. Aka nuna mata tabarma ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Uwa ta ji wani wari ƙarƙashin hayaƙin banda, wanda ba na kifi ba.

"Hajiya," in ji Gumsu, idonta a ƙasa, "ni ma da za ki taimaka min da awon nan."

Awo kuwa kala biyu ne. A bakin mai hali asibiti ne, a bakin talaka hatsi ne a kwano. Uwa ta san wanda ake nufi, ba yarinya ba ce. Amma komawar da za ta yi, da Larai matar ma'aji za su tafi, cikin ƙaramar mota mai rufaffen gilashi. Ta hango Gumsu zaune tsakaninsu, Larai tana toshe hanci.

"Haba ƙawata, gero ya ƙare ba ki faɗa ba?"

Ta tashi da sauri ta auno tiya biyu, har da gyara. Gumsu ta daɗe tana duban ƙwaryar.

"Allah ya ƙara arziki, Hajiya."

Ta ɗora bisa kwandonta ta fita.

Damina ta sauka, ruwa ya raba hayi da gari, kifi ya koma zuwa ta hannun wasu. Uwa ba ta tambaya ba. Sai da ruwa ya janye, Dibora ta dawo daga allurar rigakafi a ƙauyuka, ta shigo ko takalmi ba ta cire ba.

"Hajiya, na ga wata a hayi, wai ƙawarki ce. Ta daɗe da barin al'ada, ga jini ya dawo ya fi shekara. Na ce me ya hana ki zuwa? Ta ce ai ta roƙi awo an ba ta."

"An ba ta me?"

"Abin da na tambaya ke nan. Ta ce in tambaye ki, wai ke hannunki a sake yake."

Uwa ta ji kamar an tuɓe mata zani a kasuwa. Washegari ta haye ruwa da kanta, ta ɗauko Gumsu, ta sa ta gaban motar Umara, kanta bisa cinyarta har Kano.

Likita ba ta ma ɗauko gilashin ba. Ta duba, ta wanke hannu, ta yi magana, mai fassara ta juya.

"Ta ce ciwon ya riga ya ci wuri, ku kai ta gida. Ta ce matan ƙauye kullum sai ya gama da su suke zuwa. Wai ba mai gaya musu ne?"

Uwa ta ƙura wa ƙafarta ido. Gumsu ce ta amsa daga kan gado.

"Ki ce mata nisa ne, 'yata. Ga ruwa."

A cikin kwale-kwale, wajen komawa, Gumsu ta yi murmushi.

"Kin gani ko? Na raka ki, kin raka ni. An yi biyan bashi."

"Ki yi shiru, ƙawata."

"Ni fa na yafe. Ke ce mai riƙo."

Uwa dai ta iya lissafi. Gumsu ta tuƙa mace ɗaya ta dawo da rai biyu. Ita kuwa me ta dawo da shi?

A ɗakin Gumsu, ƙwaryar nan na bayan ƙyaure, an rufe da faifai, ƙwari sun fara shiga.

"Ki tafi da abinki, Hajiya, kar ya lalace. Ba fushi ba ne. Abinci ne ba ya shiga."

Uwa ta ɗauka a ka, ita da rabonta da ɗaukar kaya tun kafin Makka, ta ratso gari da ita har gida. Umara na zaure, ya ɗaga faifan ya leƙa.

"Wannan geron fa?"

"Daga wajen Gumsu."

"Allah sarki. Tana kwance ma sai da ta biya bashi?"

Uwa ta mayar da faifan ta rufe, ta wuce ciki.